Kukan kurciya jawabi ne: ina talakan Maraɗi zai kai ƙarar mai biro da hatimi?

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai shayi a bakin babbar kasuwar Maraɗi da hantsi ya san cewa babu sirri a garin nan. Kafin shayi ya huce an faɗi nawa ake ajewa a kowane shingen hanya, an faɗi ofishin da takarda ba ta fita sai an bi ta da goro, an faɗi wanda ya gina bene da albashin da bai isa ya sayi buhun siminti talatin ba. Direba ya sani, ɗan kamasho ya sani, mai tura baro ma ya sani. Amma a tambayi mutanen rumfar nan su nawa ne suka taɓa ɗaukar biro suka rubuta abin da aka yi musu, suka sa hannu, suka kai inda doka ta ce a kai. Nan take wuri zai yi tsit, sai wani dattijo ya gyara zama ya ce: «Allah ya isa.»

Allah ya isa gaskiya ce, babu mai musu. Sai dai ita wannan kalma ba ta shiga kundin kowane ofis, ba ta da lamba, ba ta da ranar amsa. Shi ya sa mai karɓar hanci ba ya tsoronta. Abin da yake tsoro shi ne takarda mai kwanan wata wadda ya san wani zai karanta, ya kira shi, ya tambaye shi. Muddin babu ƙofar da irin wannan takarda za ta shiga ta fito da amsa, duk jawabin da ake yi a Yamai a kan yaƙi da cin hanci zai tsaya a rediyo.

A ɗauki misalin mutum uku, irin waɗanda kowa ya san kamarsu. Na farko ƙaramin ɗan kasuwa ne mai ɗauko kaya daga Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa. Takardunsa sun cika, ya biya abin da doka ta yanka, amma a hanya an tsayar da shi an karɓi jaka biyar ba tare da kitansi ba. Na biyu manomi ne a fadamar Jiratawa, inda tun farkon shekarun 1980 ake noman rani a kan kimanin hekta 500 da ruwan famfo. Ya biya kuɗin ruwa, ya ji a rediyo cewa an kawo taki mai rahusa, ya je an ce ya ƙare, washegari ya tarar da buhunan a kasuwa da wani farashi. Ta uku tsohuwa ce a Tsibiri, mijinta ya yi shekara talatin yana koyarwa a lakwal, ya rasu, takardun fanshonsa sun shekara biyu a kan wani tebur, kullum ana ce mata ta dawo jibi. Ita ta gane abin da ake nufi da jibi, amma ba ta da abin bayarwa. Kowane ɗayansu an zalunce shi da sunan gwamnati. Ina za su kai kuka?

Hukumomin da ke mutuwa tare da iyayen gidansu

Ba za a ce ƙasar Nijar ba ta taɓa kafa hukumar bin ɓarayin dukiyar jama'a ba. In ma akwai abin faɗa, yawansu ne. Da Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974, ɗaya daga cikin hujjojinsa ita ce an karkatar da taimakon abinci a lokacin fari, kuma ya kafa kwamitin bincike. Babban taron ƙasa da ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 a ƙarƙashin jagorancin Andre Salifu ya kafa kwamitin binciken laifuka da cin zarafi, wanda marigayi Mamman Abu ya shugabanta, mutane suka dinga manne kunne da rediyo suna jin ana tuhumar manyan da da can ko sunansu ba a ambata da ƙarfi. A 1992 aka fitar da dokar hukunta tara dukiya ta haram. A 1999 sojojin Dauda Malam Wanke suka kafa nasu kwamitin ƙwato kuɗin gwamnati. A 2010 Salu Jibo ya kafa nasa. A 2011 Isuhu Mahamadu ya kafa HALCIA, aka ƙara mata ƙarfi da dokar Disamba 2016. A watan Satumba 2023 Janar Abdurrahman Tiani ya kafa COLDEFF a madadinta.

Mai lura zai ga abu biyu a wannan jeri. Na ɗaya, kusan kowace hukuma an haife ta ne a ranar sabon mulki, kuma idonta yana kan waɗanda aka sauke jiya. Na biyu, da uban gidanta ya faɗi ita ma sai ta bi shi, takardunta su shiga kwali, wanda ya kai ƙara ya rasa wanda zai tambaya. Irin waɗannan hukumomi suna da amfaninsu, domin wanda ya haɗiye miliyar ya cancanci a matse shi ya amayar. Amma jaka biyar ɗin ɗan kasuwa, da buhun takin manomi, da fanshon matar malam, ba sa cikin lissafinsu. Alhali wannan ƙaramin cizon na kullum shi ne gwamnatin da talaka ya sani. Bai taɓa ganin minista ba, amma ya ga mai kaki a bakin shinge, ya ga mai biro a bayan taga.

Ofishin mai shiga tsakani

Hukumar da aka yi domin irin waɗannan mutane ita ce ta Mai shiga tsakani na Jamhuriya, wanda 'yan boko ke kira Mediyater. Tanja Mamadu ne ya fara naɗa wani a wannan kujera a 2008, wato tsohon firaminista Mamman Umaru. Juyin mulkin Fabrairu 2010 ya share ofishin. Dokar 8 ga Agusta 2011 ta dawo da shi, aka naɗa Shaifu Amadu, firaministan riƙon ƙwarya na 1991 zuwa 1993, ɗan Kornaka a nan jihar Maraɗi. Bayansa lauya Ali Sirfi Maiga ya riƙe kujerar.

Abin da dokar 2011 ta tanada mai sauƙi ne. Duk wanda wata ma'aikatar gwamnati, ko ma'aikatar magajin gari, ko wata hukuma mai yi wa jama'a aiki ta cuta, yana iya kai kokensa kyauta, bayan ya fara neman haƙƙinsa a wurin ita ma'aikatar bai samu ba. Mai shiga tsakani zai nemi bayani, ya ba da shawarar gyara, ya kuma miƙa wa shugaban ƙasa rahoto kowace shekara. Wata dokar ta 23 ga Fabrairu 2011 ta bai wa ɗan ƙasa 'yancin ganin takardun gwamnati, ta kuma ɗora wa wannan ofis nauyin kula da cikar wannan 'yanci. Amma dokar ta ɗaure masa hannu ta wani gefen. Ba ya kama mutum, ba ya yanke hukunci, ba ya tsoma baki a shari'ar da ke gaban kotu. Ƙarfinsa duka a bakinsa yake da kunyar wanda ya rubuta wa.

A wannan shekara ta 2011 ma'aikatar shari'a, lokacin Maru Amadu yana minista, ta buɗe layin waya na kyauta domin kai ƙarar masu cin hanci a fannin shari'a. Ke nan an samu ƙofa uku: mai shiga tsakani domin zaluncin ofis, HALCIA domin cin hanci da almundahana, layin waya domin abin da ya shafi kotuna. A takarda tsarin ya yi kyau. A ƙasa kuwa, tsohuwar Tsibiri ba ta san bambancinsu ba, kuma babu laifinta. Zuciyar kowace hukuma tana Yamai, sama da kilomita 600 daga Maraɗi, aikinta da Faransanci, rahotonta yana ƙarewa a wurin bikin miƙawa. Ko da aka naɗa wakilai a jihohi, labarinsu bai kai rumfar mai shayi ba, balle ya kai bakin rijiyar Jiratawa.

Abin da ya samu waɗanda suka yi magana

Mutanen Maraɗi 'yan kasuwa ne, sun iya lissafin riba da hasara. Kafin mutum ya kai ƙara sai ya duba abin da ya samu waɗanda suka riga shi. A 2006 jaridar Le Républicain ta bankaɗo yadda aka yi da kuɗin da ƙasashen Turai suka bayar domin ilimin firamare, badaƙalar da aka sani da sunan MEBA. Tsofaffin ministocin ilimi biyu sun shiga hannu, kuma wutar maganar ce ta kai ga majalisa ta kayar da gwamnatin Hama Amadu ran 31 ga Mayu 2007. Amma a watan Satumba 2006 kotu ta yanke wa Mamman Abu da abokin aikinsa Umaru Keita ɗaurin wata 18, a kan wani rubutu dabam da ya shafi hulɗa da Iran, suka yi watanni a tsare kafin a sake su. A 2020 binciken kwangilolin ma'aikatar tsaro ya fito, rahoton farko ya ambaci miliyar 76 na sefa, a daidai lokacin da iyaye ke makokin sojojin da aka kashe a Inates da Shinagodar. Waɗanda suka kira zanga-zangar 15 ga Maris 2020 su ne suka fara kwana gidan kaso, uku daga cikinsu sai da suka yi wata shida.

Darasin da mai sayar da atamfa ya ɗauka a nan bai da wuyar ganewa. In masu jarida da lauyoyi da suna a duniya sun sha haka, ina ga shi wanda ba shi da kowa sai Allah?

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya dakatar da tsarin mulkin 2010. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun gundumomi da na jihohi, aka naɗa masu riƙo. A watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa. Kowa da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai, amma akwai abin da babu gardama a kansa. Depite da kansila, duk da aibinsu, ƙofofi ne da talaka kan ƙwanƙwasa, domin sun san za su dawo neman ƙuri'arsa. Da aka rufe su, buƙatar ƙofar doka ta ninku. Ga shi kuma a watan Yuni 2024 an dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna ta hanyar intanet, don haka wanda ya huce haushinsa a Facebook ko WhatsApp yana iya kwana inda wanda ya cuce shi ya kamata ya kwana. Gwamnatin da ta ce kada a yi kuka a titi, wajibi ne ta nuna ɗakin da za a yi shi.

Abin da ake gani a wasu wurare

Wannan ofis ba sabon abu ba ne a duniya. Ƙasar Suwidin ta kafa nata tun 1809, Faransa ta bi a 1973, Senegal a 1991, Burkina Faso a 1994. Makwabciya Najeriya ta kafa hukumar sauraron koke-koken jama'a a 1975, zamanin Murtala Muhammad. Jihar Kano, wadda Alhazan Maraɗi suka sani kamar tafin hannunsu, ta haɗa sauraron koke da yaƙi da cin hanci a hukuma ɗaya, mai ikon bincike da gurfanarwa. Amma ko a can an ga iyakar abin: an dakatar da shugabanta Muhuyi Magaji Rimin Gado a 2021, sai da gwamnati ta canja a 2023 aka maido shi. A jihar Karnataka ta ƙasar Indiya, rahoton mai irin wannan muƙami a kan haƙar ƙarfe ta haram ya tilasta wa shugaban gwamnatin jihar sauka a watan Yuli 2011. Shekara biyar bayan haka 'yan siyasa suka zare wa ofishin ikon binciken 'yan sanda, sai a 2022 kotu ta maido masa.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne, ofishin koke yana aiki ne idan yana da haƙora, kuma da ya fara cizo masu mulki kan nemi zare su. Don haka ƙarfinsa na gaskiya yana wurin jama'ar da suka saba da shi har ba za su yarda a taɓa shi ba.

Kuma kada wani ya ce wannan al'adar Nasara ce. Sarakunan Katsina da suka kafa Maraɗi bayan jihadi sun zo da tsarinsu, inda Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi ke zaɓen sarki, suna kuma iya gaya masa abin da ba ya son ji. Gobirawan da suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suna da Tara ta Gobir. A littattafan fiƙihu akwai babi guda a kan mazalim, wato zaman sauraron wanda ma'aikacin sarki ya zalunta, kuma malaman ƙasar Hausa sun yi rubutu a kansa tun daga nasihar da Al-Maghili ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Kakannin mutanen nan sun san cewa mulkin da ba ya jin kuka ba ya daɗewa.

Idan ɓera da sata

Gaskiya ɗaya ce, ko da za ta yi wa masu karatu ɗaci. Ba tsoro kaɗai ke hana ɗan kasuwa kai ƙara ba. Sau da yawa shi ma yana cin moriyar ɓarakar. Wanda ya loda kayan miliyan goma ya rubuta na miliyan uku, ya fi son ma'aikacin da ake shiryawa da shi a kan wanda ke buɗe kowane kwali. Tun zamanin gyaɗa har zuwa zamanin fiton kaya zuwa Najeriya, arzikin garin nan da bakin iyaka yake tafiya, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa na 1986 a kan Alhazan Maraɗi, kuma kowa ya san ba kowace riba ce ta bi ta gaban teburin duwan ba. Babban Alhaji yana da lambar wayar da zai kira a sakar masa mota. Ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu goma shi ke biyan kuɗin wannan sabo, domin ma'aikacin da aka koya wa karɓa daga babba ba zai ƙyale ƙarami ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ma'aikaci ma yana da nasa uzurin da yake kawowa. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 ba su manta da watannin da aka yi ba albashi ba, da karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994. A lokacin ne da yawa suka koyi cin abinci daga tebur. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tijani Alu, sun bi asibitoci da kotuna da shingayen hanya sun nuna yadda abin ya zama tsari mai ƙa'idojinsa, da 'yan tsakiyarsa, da kalmominsa masu laushi. Amma uzurin yunwa ya ƙare ranar da aka fara gina bene. Kuma akwai dubban ma'aikata, malaman lakwal da ungozomomi da akawuna, waɗanda ba su taɓa karɓar ko dala ba. Su ne suka fi kowa hasara, domin ana yi musu kuɗin goro da ɓarayi, in kuma suka ƙi sa hannu a kan abin da bai dace ba sai a tura su Bilma ko Ngigmi a ce buƙatar aiki ce. Ofishin koke mai ƙarfi garkuwarsu ce. Ma'aikacin da mai gidansa ya matsa wa zai iya cewa: «Ranka ya daɗe, in na yi wannan za a kai ni ƙara, kuma sunana ne a kan takardar.»

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa in aka buɗe ƙofa, mahassada za su cika ta da ƙarya, kishiyar siyasa ta ɓata wa mutumin kirki suna. Haka ne, za a samu. Amma dokar laifuka ta riga ta tanadi hukunci ga mai ƙage, kuma ƙarar da aka rubuta aka bincika ta fi adalci ga wanda ake zargi a kan tsegumin rumfa, inda ake yanke masa hukunci ba tare da an ji ta bakinsa ba. Suna cewa kuma a Maraɗi kowa ɗan uwan kowa ne, wanda ka kai ƙara yau gobe za ku haɗu a wurin suna ko jana'iza. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne ya sa ake buƙatar ofis mai rufa asirin mai ƙara, wanda zai fara da sulhu da maido haƙƙi kafin a kai ga ɗauri. Suna cewa ƙasa tana cikin yaƙi, ba lokacin wannan ba ne. Mutanen Madarunfa da Gidan Rumji, waɗanda 'yan bindiga ke sace wa dangi da dabbobi, sun fi kowa sanin cewa shingen da ake wucewa da jaka biyu ba ya tambayar abin da ke cikin mota.

Ƙofar da ake buƙata

Ko wane suna za a ba ofishin a sabon tsari, akwai sharuɗɗan da in babu su aikin banza ne.

Ya kasance kusa. Tebur ɗaya a kowace gunduma ta birnin Maraɗi, da zama a Tsibiri da Jiratawa da sauran garuruwa a ranakun kasuwarsu, domin wanda aka cuta da jaka biyar ba zai kashe jaka ashirin ya je Yamai ba.

Ya ji Hausa. A karɓi koke da baki, akawu ya rubuta, a karanta wa mai shi ya amince. A karɓi wanda aka rubuta da boko ko da ajami. Harshen da aka karɓi hanci da shi ya isa a kai ƙara da shi.

Ya ba da shaida. Duk wanda ya kai koke a ba shi 'yar takarda mai lamba da kwanan wata, a kuma yanka wa ma'aikatar da ake ƙara wa'adin amsawa. Shugaban ofishin da ya yi shiru har wa'adi ya wuce, a ɗauki shirunsa laifi.

Ya kare mai ƙara. Dokar ƙasa tana hukunta mai bayarwa da mai karɓa, kuma wannan ne igiyar da ake ɗaure bakin talaka da ita. Dole a bambanta wanda ya sayi alfarma da wanda aka tatsa a kan haƙƙinsa. Na biyun in ya zo da kansa ya faɗa, shaida ne. Haka ma'aikacin da ya tona asiri, kada a canja masa wurin aiki ko a taɓa girmansa sai da amincewar wata hukuma dabam.

Ya san iyakarsa. Jinkiri da wulaƙanci da ɓatan takarda aikin sulhu ne. Karɓar kuɗi laifi ne, kuma wajibi ne ofishin ya tura shi ga mai gabatar da ƙara na kotun Maraɗi, ya kuma bi sawu. Mai koke ba shi ne zai yi ta yawo yana neman ƙofar da ta dace ba.

Ya yi bayani a fili. Duk wata uku a karanta a gidajen rediyon garin, da Hausa: koke nawa aka karɓa, a kan waɗanne ma'aikatu, nawa aka warware, wace ma'aikata ta ƙi amsawa. A ƙasar da mutum ya fi tsoron kunya a kan tara, wannan kaɗai rabin hukunci ne.

Ya fi mai naɗa shi tsawon rai. Wa'adi tsayayye, kasafin kuɗi nasa na kansa, da kundin da ba ya shiga kwali in an ji kiɗan soja a rediyo da asuba.

Kafin a kai can

Jiran gwamnati ba ya hana mutum gyara kayansa. Ɗan kasuwa ya saba wa kansa neman kitansi a kan duk abin da ya biya, in an hana shi ya rubuta rana da wuri da adadi da waɗanda suka gani, tun abin yana ɗanye. Wanda zai kai koke ya fara rubuta wa shugaban ma'aikatar, ya riƙe kwafi, ya nemi a buga masa hatimin karɓa. Ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ya bar abin da aka ce an ce, ya bar zagi, domin zagi shi ke ba mai laifi hanyar kuɓuta. Kada ya ba da asalin takardarsa ga kowa. Mafi muhimmanci, kada ya je shi kaɗai. Ƙungiyar direbobi da ta 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manoman Jiratawa suna karɓar kuɗin mambobinsu kowane wata. Littafi ɗaya a ofishin kowace ƙungiya, inda za a rubuta duk abin da aka karɓa ba bisa ƙa'ida ba, zai zama hujjar da babu gwamna ko perefe da zai ce bai gani ba. Ana iya tsoratar da direba ɗaya, amma direba ɗari biyu masu sa hannu a takarda ɗaya sai dai a saurare su. Tsinke ɗaya ba ya shara.

Su kuma manyan Alhazai, waɗanda Allah ya ɗaukaka a garin nan, lokaci ya yi da za su tambayi kansu wace kasuwa za su bar wa 'ya'yansu. Lambar wayar da ke buɗe shinge yau ta mai kujera ce, kuma tarihin ƙasar nan daga 1974 zuwa 2023 ya nuna kujera ba ta da amana. Wanda ya dogara da sanayya, ranar da aka canja mutanensa zai tsinci kansa a layi ɗaya da mai buhu goma, yana neman ƙofar da ya ƙi taimakawa a gina.

Shugabannin da suka hau mulki da alkawarin tsarkake ƙasa suna da hanya mai arha ta nuna gaskiyarsu. Ƙwato miliyoyi daga hannun mutanen jiya abu ne da kowane sabon mulki ya yi. Abin da ba a taɓa gani ba shi ne mulkin da ya buɗe ƙofar da za a kai ƙarar nasa mutanen, tun yana kan kujera. Ranar da tsohuwar Tsibiri ta shiga wani ofis a garinsu ranar kasuwa, ta faɗi kokenta da harshenta, ta fito da 'yar takarda mai lamba a ƙulle a bakin zanenta, bayan wata guda kuma aka kira ta aka ba ta haƙƙin mijinta ba tare da ta ba kowa goro ba, ranar ce mutanen rumfar mai shayi za su yarda cewa wani abu ya canja. Kafin nan kurciya tana ta kuka a kan bishiyar ofis, saura a ga ko a ciki akwai mai hankalin da zai gane jawabin.